Bajimin 'Yan Lakwal

An sace bajimin da za a sayar a kai 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, yawon gani Damagaram. Ranar Juma'a aka sace shi, da rana tsaka, daga filin makarantar da ke bakin garin Dakoro, lokacin da maza ke masallaci.

Jan sa ne mai dogayen ƙaho. Iyayen yara ba su da ƙarfin ɗaukar mota, sai wani uba, Samba, Bafulatanin Azagor da ya dawo gari da zama, ya ba da shi kyauta a gaban jama'a. Aka ɗaure shi gindin bedi. Yara na kawo masa dusa da harawa daga gidajensu, ana jira ya cika ido a kai shi kara, kasuwar dabbobi. Mai mota kuwa ya faɗa ba kunya, in kasuwa mai zuwa ta watse ba a kama masa da kuɗi ba, 'yan biki zai ba motarsa. Hutu ya matso. Babu bajimi, babu tafiya.

Ajidan Yazidu, hafsan jandarma, ya iso kan moto. Bazabarme ne, gajere, mai tumbi. Ya daɗe yana bin ɓarayin dabbobi tsakanin Azagor da Tagriss, har ya fi gane kofato da rubutun hannunsa. Ya tarar iyaye sun yi wa mai gadi zobe, kowa na faɗin tasa.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji shi. "Kun riga kun tattake mini rabin aiki."

Ya je gindin bedi. Turke na nan daram. Igiya ba yanke ta aka yi ba. An kwance ta, an naɗe ta tsaf, an rataye a reshe.

"Wa ya naɗe wannan?"

"Haka munka iske ta," in ji Madam Rahamatu, shugabar makarantar. Idanunta sun yi ja.

"Ƙohwa fa?"

"A ruhe, har da sakata. Da an bar ta buɗe da awaki sun cinye dashen yara."

"Ɓarawo mai tausayin dashe," in ji Ajidan. "Yau na ga sabo."

Ya juya ga mai gadi. Jimrau sunansa, tsohon Bagobiri mai zane har kunne. Tsakanin Bagobiri da Bazabarme kuwa akwai wasa, ko a gaban alƙali.

"Bagobiri, ina ka kai san mutane?"

"Bazabarme, ko da kakinka bawana kake. Ni in taɓa wancan shaiɗani?" Ya ɗaga riga, ya nuna baƙin tabo a haƙarƙari. "Ga gaisuwar da ya yi mini ran da anka kawo shi. Tun rannan da sanda nake tura mishi ruwa."

"Ina kake da anka ɗauke shi?"

"Masallaci, bayan ladan. Je ka tambaya."

"Ka bar aikinka ke nan."

"Allah ya riga Madam ɗaukata aiki."

Wani daga cikin iyaye ya ce ko bai sata da hannunsa ba, shi ya yi wa ɓarayi ido. Wasu suka ɗauka. Ajidan ya ga in ya bar tsohon nan wurin za a taɓa lafiyarsa, sai ya sa wani ƙaramin jandarma ya kai shi bariki ya zauna inuwa.

Shi kuma ya fita bayan ƙofa, inda rairayi bai sha ƙafa ba. Ya tsuguna. Sawun mutum ɗaya ne, takalmin taya, irin wanda rabin gari ke sawa. Babu ja, babu turjiya. Kofato ya bi a natse, kuma ko'ina kofaton ne ya taka sawun takalmin, ba takalmin ya taka kofato ba. Ya daɗe yana kallon wannan. Ya bi sawun har burtali, inda garake ke wucewa safe da yamma. Nan ya narke cikin dubu.

Madam ta riga ta ba shi suna ɗaya. Zakiru mahauci ya zo ya taya bajimin da arha, aka hana shi, ya tafi yana cewa za su yi da-na-sani. Ajidan ya same shi a rumfarsa yana kankare katako.

"An ce ka yi wa Madam alkawarin da-na-sani."

"Na yi. Wanda duk ya hana ni dabba haka nake ce mishi. Har surukina na ce ma haka."

"To ga shi ta yi."

Zakiru ya soke wuƙa a katako. "Ajidan, sunsuna rigata. Warin jini ne. Sa na jin shi tun daga nesa. In ni zan hidda wannan jan daga lakwal, sai da ƙarti huɗu, igiya a ƙaho, igiya a ƙahwa, ana ihu yana ihu. Da liman ma ya ji daga kan mumbari. Ka ga alamar kokawa?"

"Ban gani ba."

"To sayi tsire ko ka ba ni wuri."

Ajidan bai sayi tsire ba, amma ya cire Zakiru daga ransa. Ya koma bakin burtali, inda wata tsohuwa, Aisa, ke sayar da fura ƙarƙashin adua.

"Inna, ɓarawo ya wuce nan da jan sa lokacin salla?"

"Ɓarawo? Ban ga ɓarawo ba. Na dai ga mutum da sanshi."

"Ƙaƙa kika san nashi ne?"

"Yo ɗan nan, shi yana gaba, sanda bisa kahwaɗa, hannuwa rataye. San na biye da shi kamar ɗan maraƙi. Ba igiya, ba tsawa. Ko waiwaye bai yi ba."

"Huska fa?"

"Rawani har hanci, ga malhwa. Ni kuma idona sai a hankali. Za ka sha hura ko tambaya kaɗai ka zo ci?"

Ya sha. Yana sha yana lissafi a ransa, lissafin kuma bai yi masa daɗi ba. Mutum ɗaya ya san da zai iya wannan tafiyar da wannan sa. Amma wanda ya ba da abu da bakinsa, jama'a na sa masa albarka, me zai sa ya dawo ya sace?

Da safe ya koma makaranta. Asabar ce, ba karatu, amma 'yan aji shida sun cika gindin bedi. Wasu ma da dusarsu suka zo, don ba su san inda za su kai ta ba. Suna ganin kaki suka taso.

"An gane shi?"

"Tukuna. Mi za ku gano a Damagaram ɗin da kuka hana ni barci?"

Suka ɓarke gaba ɗaya. Fadar sarki. Ragowar ganuwa. Gidajen ƙasa na Birni, tsohon gari, masu zane a goshi. Majema, inda ake jeme fata a ramuka. Gidan tarihi. Wani yaro ya ce akwai duwatsu da suka fi masallacin Juma'a tsawo, wani ya ce ƙarya ne, suka kusa dambe.

"Ka gani," in ji Madam a hankali. "Yaran nan tun da anka haihe su rairayi suka sani. Dutsen da ya hi na niƙa girma ba su taɓa gani ba. Ina koya musu tarihi a allo suna kallona kamar mai tatsuniya. So nake su taɓa bangon da hannunsu."

Wata yarinya ba ta shiga hayaniyar ba. Tana zaune kan turke da ƙullin tsumma a cinya. Siririya, mai dogon wuya. Madam ta ce Hamdiya ce, ɗiyar Samba.

Ajidan ya tsuguna gabanta. "Mi ke cikin ƙullin nan, ɗiyata?"

Ta kwance. Cuku ne, fari, ta shanya shi da kanta, gefensa duk ya karkace.

"Sarkin Damagaram za ki kai ma?"

"Innata."

"Can take?"

"Birni, kusa da majema. Haka anka ce mini."

"Kin san ta in kin gan ta?"

Yarinyar ta ce, "Na san waƙar da take yi in tana daka. Huskar ce ta ɓace mini. Amma ita za ta gane ni, ko?"

"Za ta gane ki," in ji Ajidan. Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ja Madam gefe.

"Uwar yarinyar nan?"

"Hanatu. Babarbariya ce 'yar Damagaram. Sun rabu da Samba shekarar da shanu sunka mutu, yarinyar na ƙarama. Bai sake aure ba. Shi ke mata komi, har kitso shi ke kai ta ya zauna jira."

"Da ya ba da san, ya san Damagaram za a je?"

Madam ta girgiza kai. "A'a. Agadas munka shirya da hwarko, su ga dogon masallaci. Daga baya manya sunka hana saboda hanya. Sai munka tara iyaye munka ce Damagaram."

"Mi ya ce a taron?"

"Bai ce komi ba. Ya ɗauki sandarshi ya hita. Na zaci garke ya tuna."

"Tun jiya ya zo nan?"

"Bai zo ba."

Ajidan ya hau moto.

Gidan Samba na ƙarshen gari, inda dannin ƙaya ke kallon daji. Ɗaki biyu, rumfa ɗaya, 'yan tumaki. Ya same shi a rumfa yana ɗinkin takalmi. Dogo ne, ƙashi da jijiya, furfura ta fara cin gemunsa. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Samba ya hura gawayi ya ɗora shayi. Sai da Ajidan ya shanye kofin farko ya soma magana.

"Malam Samba, ban zo da tambaya ba. Labari na zo in ba ka, in na yi kure ka gyara mini."

"Ina ji."

"Ɓarawon sa igiya yake hwara nema, don da ita zai ja. Wannan ya kwance igiya, ya naɗe, ya rataye. Ba ya bukatarta. Kuma igiyar ta lakwal ce, shi kuwa a ranshi ba sata ya zo yi ba, nashi ya zo ɗauka. Abin da ba nashi ba bai taɓa ba. Har ƙohwa ya ruhe don dashen yara."

Samba na juya shayi daga kofi zuwa kofi.

"Na biyu. Bahaushe bayan sa yake bi yana kora, takalminshi ya taka kohwato. Mahauci ja yake da kokawa. Jiya kohwato ne ya taka takalmi tun daga ƙohwa har burtali. Mutumin yana gaba, san na biye. Ku kaɗai ke tahiya haka, kuma ba kowane sa ke bin kowane Bahillace ba. Wannan da ya kusa kashe Jimrau, muryar da ya sani tun yana maraƙi kaɗai zai bi."

Kumfa ta cika kofi, ta zubo a yatsun Samba. Bai goge ba.

"Na ukku shi ya hi damuna. Na yi shekaru a arewa. Ban taɓa ganin an sace ma Bahillace dabbar da ya raina ya kwana gida ba. Kan jandarma ya ɗaura takalmi, shi ya kai rijiya ta biyu. Kai ga ka nan kana ɗinki."

"Na ba da shi," in ji Samba. "Ba nawa ba ne yanzu."

"Shi ya sa sunan abin sata."

Wata tunkiya ta leƙo ta koma.

"To shi ke nan," in ji Ajidan, ya kama hularsa. "Tunda ban da mai laihi, Jimrau na bariki. Iyaye sun ce shi ne. Litinin zan miƙa shi, ya tahi gidan kaso. Tsoho ne, ga haƙarƙari ba lahiya, amma Bagobiri ne, ba a rasa su."

"Bai yi komi ba," in ji Samba.

"Wa ya gaya maka?"

Samba ya ajiye kofin. Ya ja rawani ya rufe baki, ya sake saukar da shi.

"Yana wajen ƙanena, rijiyar da ke hanyar Birnin Lalle. Ban sayar ba. Da hutu ya shiga, maganar tahiya ta mutu, zan maido shi in ce tsintarshi na yi."

"Don mi ba ka hana ɗiyarka kaɗai ba? Ubanta ne kai. Sai ka hana yara duka?"

"In hana ta da bakina? Tana shanyar cuku tana waƙa?" Ya girgiza kai. "In mota ta tashi da sauran ta bar ta, ni za ta kalla har in mutu. In kuwa ba wanda ya tahi, ƙaddara ce. Ba a hushi da ƙaddara."

"Kwana kaɗan ne fa, ta dawo."

"Ba ka san Hanatu ba, Ajidan. Ni a kasuwa na gan ta sau ɗaya, ta ce mini Bahillace bawan Barebari, kawo nonon nan in ɗanɗana. Daga nan ban sake zama mutum ba. Wanda ya zauna da ita yini ɗaya ba ya son tashi. Shekarar da shanuna sunka zube, na dawo daga jan mushe, ta yi mini magana, ban ma tuna mi ta ce ba. Bakina ya yanke igiyar aurenmu duka ukku. Da hankalina ya dawo, malamai sunka ce babu gyara." Ya dubi ƙofar ɗaki. "Yarinyar nan da muryar uwarta take magana. In ta ce Baba ga ruwa, sai in ruhe ido. Ita ke nan abin da ya rage mini. In ta ga Birni, ta ga uwarta, mi za ta dawo yi cikin ƙayar nan?"

Ajidan ma iyalinsa na Dosso, sai salla yake ganinsu. Amma bai zo nan don ya faɗi wannan ba.

"Ga abin da zan iya," in ji shi. "Gobe ka je ka taho da shi, don ba wanda zai iya sai kai. In ce ka bi sawu ka gano shi. Madam za ta janye ƙara. Jimrau ya koma gida. Abin da ya rage tsakaninka da Allah."

Haka aka shirya. Ba haka ta kasance ba.

Washegari da hantsi labari ya zaga cewa an ga bajimi. Yara da iyaye suka fito bakin burtali. Can sai ga ƙaho ya ɓullo daga cikin geza. Samba na gaba, sanda bisa kafaɗa, hannuwa rataye. Jan sa na biye da shi, ba igiya, ba tsawa. Yara suka sa ihu. Maza suka fara sa albarka.

Aisa mai fura ta miƙe, ta kare ido da hannu.

"Af! Ai ga shi nan! Ajidan, ga mutumin da na ce maka! Wannan tahiyar ce, wallahi, ko cikin dubu!"

Ihu ya mutu. Kowa a wurin ya san halin dabba, kowa ya gane. Samba bai tsaya ba, bai musa ba. Ya wuce tsakiyarsu har gindin bedi, ya ɗaure san, ya juyo. Hamdiya na tsaye gabansa da ƙullinta. Ita ta fi kowa sanin wanda jan san nan ke bi. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai, sannan ta koma cikin 'yan ajinsu.

Madam ta janye ƙara duk da haka. Samba ya je har gida ya roƙi Jimrau gafara, ya kai masa tunkiya. Jimrau ya karɓi tunkiyar, ya ce gafarar sai ya yi shawara da haƙarƙarinsa. Aka sayar da bajimi, Zakiru ne ma ya saya, da tsada, yana zagi. Mota ta tashi.

Yara suka ga Damagaram. Suka hau duwatsu, yaron da ya ce ƙarya ne ya fi kowa hawa. Suka toshe hanci a majema. Suka shafa zanen gidajen Birni har mai gida ya fito ya kore su. Madam ta riƙe hannun Hamdiya suka bi lungu suna tambaya. A wani gida, ba su gama sallama ba wata mata ta saki taɓarya. Hanatu ce, ta gane ɗiyarta.

Hamdiya ta dawo tare da sauran, kamar yadda Ajidan ya faɗa. Tana gaida ubanta, tana kawo masa ruwa, tana ajiyewa ba magana. Da sakamako ya fito ta samu shiga kwaleji, ta tsaya bakin rumfa ta ce, "Baba, a Damagaram nake so in yi."

Da bai taɓa san nan ba, da yana da bakin cewa a'a, kuma da wataƙila ba ta ma tambaya ba. Yanzu ba shi da wannan bakin. Shi ya ɗauki akwatinta a ka har tasha, shi ya nema mata wuri kusa da taga.

Hutun farko ba ta zo ba, aka ce hanya. Na biyu ta aiko da gaisuwa. Samba bai taɓa cewa a kira masa ita a salula ba. Amma duk yamma, lokacin da motocin Maradi, da mutanen Damagaram ke biyowa, ke shigowa, za ka gan shi tsugune jikin bangon tasha, yana kallon masu sauka ɗaya bayan ɗaya har mota ta zama fanko. 'Yan kamasho sun daina tambayarsa ko yana jiran saƙo. In ta ƙarshe ta sauke, sai ya karkaɗe rigarsa, ya nufi gida.